Sulhun Sudan: An bai wa kura ajiyar nama

Kwanaki kaɗan bayan mayaƙan RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin Sudan, sun ƙwace birnin El Fasher na yankin Darfur a ƙarshen Oktoban 2025, jinin mutanen garin bai ko bushe ba, sai ga sanarwa cewa sun amince da tsagaita wutar jinƙai da ƙasashen nan huɗu, Amurka da Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka gabatar. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wasu masu sharhi suka karɓi sanarwar da hannu bibbiyu, suna cewa an ga alamun haske. Wanda ya killace gari kusan wata 18 da yunwa da ruwan bama-bamai, sannan ya nemi hutu bayan ya cim ma burinsa, lokacin sake shiri yake nema.

Tun da yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ake ta shimfiɗa tabarmar sulhu ana naɗewa. A Jidda, cikin watan Mayun shekarar, wakilan Janar Burhan, shugaban sojojin Sudan, da na Hemedti, jagoran RSF, sun sa hannu kan alkawarin kare fararen hula, amma a watannin da suka biyo baya aka yi wa 'yan ƙabilar Masalit kisan gilla a El Geneina. A Janairun 2024 gwamnatin Sudan ta dakatar da zamanta a IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka. A Agustan 2024 sojoji suka ƙaurace wa taron da Amurka ta kira a Siwizalan. Taron Landan na Afrilun 2025 kuwa ya watse ba tare da sanarwar bai ɗaya ba, saboda ƙasashen Larabawan da ke zauren sun kasa jituwa a tsakaninsu.

Masu cewa rashin yarda tsakanin janarorin biyu ne ya hana zaman lafiya suna kallon inuwa ne, sun bar itacen. Mutum biyu ba su iya riƙe yaƙi shekara biyu da rabi da aljihunsu. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin kai wa RSF makamai daga Daular Larabawa ta filin jirgin Amdjarass na Chadi abin gaskatawa ne, ko da yake Daular tana musantawa, kuma kowa ya san kasuwar Dubai ce ke haɗiye mafi yawan zinariyar Sudan. Masar ma ba ta ɓoye goyon bayanta ga sojoji ba. To ta yaya waɗannan za su zauna a kujerar alƙali? Burhan kansa ba wankakke ba ne, jiragensa sun sha zubar da bama-bamai a kasuwanni, kuma kasancewar Daular Larabawa cikin masu sulhun ta ba shi hujjar da yake nema ta ƙin zama.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan masifa, domin 'yan uwanmu da kakanninsu suka zauna a Mai Wurno da Gezira a kan hanyar Makka suna cikin mutum fiye da miliyan 10 da aka raba da muhallansu.

Takunkumin makaman da aka sa wa Darfur fiye da shekara 20 da suka wuce ya kamata a faɗaɗa shi ga ƙasar baki ɗaya, a bi sawun zinariyar har inda ake sayen ta, sannan Tarayyar Afirka ta karɓi ragamar sulhun, ta ba farar hular Sudan kujera a gaba.