Gwamnan da bai zo na ɗaya ba

Makon jiya wani abokin aikina Bature ya ɓata mini rai a Montpelier, babban birnin jihar Vermont ta Amurka. Ɗan gari ne na mutum kimanin dubu takwas. Muna tsaye cikin ginin majalisarsu mai ƙubba ruwan zinariya, ƙanƙara ta daskare a matattakala, hotunan tsofaffin gwamnoni jere a bango, ga shiru kamar masallaci bayan isha'i. Sai ya juyo ya ce, "Na ji a ƙasarku alƙalai ke naɗa gwamna."

Ban tanka masa ba. Amma wannan jihar tasa fa, dokarta ta ce sai ɗan takara ya samu fiye da rabin ƙuri'u, in babu wanda ya kai, majalisa ce za ta zaɓa. A 1813 Jonas Galusha, gwamna mai ci, shi ya fi kowa ƙuri'ar jama'a. Majalisa ta ture shi ta ɗauki Martin Chittenden da ƙuri'a 112 a kan 111. Ƙuri'a ɗaya tak! Kuma surukan juna ne, don Galusha ya auri 'yar'uwar Chittenden. Ana tsakiyar yaƙi da Ingila a lokacin, shi kuma Chittenden ba ya son yaƙin, yana hawa ya umarci dakarun jihar da ke New York su dawo gida. Dokar tana nan har gobe. A Janairun 2015 majalisa ce ta tabbatar da Peter Shumlin a matsayin gwamna, ta ƙuri'ar sirri.

Ban ce namu ya yi kyau ba. Kun san inkonkulusib ɗin Kano na 2019, kun san yadda aka yi da Zamfara. Su kuma mutanen Vermont, na yarda rubutacciyar doka suka bi. To amma me ya sa nasu tarihi ne abin rataye hoto, namu abin gori?

Ko maƙwabciyata, haifaffiyar jihar, ba ta san da wannan doka ba. Mu kuwa ranar da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin zaɓen gwamnan Kano a Janairun 2024, tun da sauran dare a nan mahaifiyata ta kira ni. Ina jin rediyo a bayanta, ina jin hayaniyar teburin mai shayin ƙofar gidanmu, kowa ya zama lauya. Na roƙe ta kada ta kashe wayar. Na zauna a ɗakin girki ni kaɗai ina sauraronsu har gari ya waye.