Baffa, Ba Ka Taka Birki Ba

Shekara 12 ina tuƙa mota mai kuloci. Shi ya sa da Yaya ya miƙo mini makullin motarsa mai giya otomatik ya ce in gyara mata tsayuwa, da yatsa biyu na karɓa. Har ya buɗe baki zai yi bayani, na tare shi: "Haba Yaya, ni za a koya wa tuƙi?"

Na shiga na tayar, na kama sandar giya zan janye ta daga P, wato fakin, zuwa R, giyar baya. Ko gezau. Ƙafata ta hagu kuwa sai laluben kulocin da babu shi take yi, tana taka iska. Na sa hannu biyu, na ciji leɓe, na ja har kujera ta yi ƙara. Na kashe motar na sake kunnawa, wai ko irin ciwon waya ne.

Ina cikin share gumi sai 'yar Yaya, mai shekara tara, ta leƙo ta taga. "Baffa, ba ka taka birki ba."

Motar da ke tsaye cik, birkin me zan taka? Na taka dai don in ƙaryata ta. Sai na ji ƙas a gindin sandar, giya ta sulale salin alin.

Ashe sakata ce. Akwai ɗan makunni a saman fedar birki, shi ke kunna jajayen fitilun baya. In ka taka, sai ya tura wuta zuwa wani ɗan ƙarfe mai maganaɗisu kusa da sandar giya, shi kuma ya zare sakatar. Ba birki, ba fita daga P, ko kai ɗan dambe ne. Yaya, wanda bai gama dariya ba, ya ce abin ya yaɗu ne bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a Amurka kan motar Audi 5000 a shekarun 1980, lokacin da direbobi suka riƙa cewa tana zabura da kanta, bincike kuma ya nuna yawanci totur suke takawa a zaton birki ne. Daga Satumban 2010 dokar ƙasar ta wajabta sakatar, musamman don kada yaro ya ja giya mota ta gangara. Wato don yara aka yi ta, amma ni ta kama.

Bayan wata biyu na sake aron motar, yanzu na zama malami. Na taka birki har ƙasa. Shiru, babu ƙas. Na miƙe a kan fedar kamar mai hawa tsani. Na kira bakanike, ya ce, "Oga, sa wani ya duba fitilun baya." Wa ke kusa? Ita dai 'yar Yaya. Ta zagaya ta ce ba su kawo ba. Fis ne ya ƙone, saƙo ba ya isa wurin sakata. Bakaniken ya ce kafin ya iso in ja birkin hannu, in ɓalle ɗan murfin da ke gefen sandar, in danna cikin ramin da sukundireba, giya za ta saki.

Ina laluben murfin, ta sa yatsa ta nuna mini shi.