Ba a yi maganar batir ba

Wani mai labari ya ce Switch 2, sabuwar na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, ta fi tsofaffin Switch ta kowace fuska, ni kam ban yarda ba. Gaskiya ne allonta ya kai inci 7.9 alhali na farkon da ta fito a 2017 inci 6.2 ne, ma'ajiyarta kuma GB 256 maimakon 32. Amma ina maganar batir? Nintendo da kansu sun ce sabuwar tana yin awa 2 zuwa 6 da rabi, ita kuwa wadda aka gyara a 2019 tana kai awa 4 da rabi zuwa 9. A nan Katsina, inda sai a wuni ba a kawo wuta ba, wannan shi ne abin da mai saye zai fara tambaya. Tawa ta 2019 ce, ta hannu na saya, kuma ƙannena kan yi wasa da ita tun daga la'asar har bayan isha'i ba a nemi caja ba. Ɗan'uwan da ya ce mu sayar da tsofaffin mu cika kuɗi mu sayi sabuwar, ka duba da kyau: tsohon katin memori ba ya ɗaukar wasannin sabuwar, sai wani nau'in kati mai sauri da ake kira microSD Express, wani kuɗin ke nan. Wasu wasannin ma katin mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan daga intanet da datarka. Dala 450 aka sa mata da ta fito a 2025; a canjin yau, wane ɗalibi ne a Ƙofar Ƙaura zai iya?