Littafin da maƙwabcina ya ara min

Ranar Asabar da ta wuce dusar ƙanƙara ta rufe garin Utica na jihar Niyok a Amurka ruf, motoci a bakin titi sun koma kamar tulin auduga. Maƙwabcina, dattijo ne tsohon malamin makaranta, ya kira ni shan shayi. Falonsa littattafai ne har sama, na'urar ɗumama ɗaki na ta gurnani, karensa kuma na miƙe a kan kujera. Na nuna masa bidiyon zikirin Juma'a da ƙanena ya turo daga Kano. Ya yi murmushi, ya zaro wani tsohon littafi, ya ce wai wannan mutumin ya yi bayanin irin abin nan tun 1905.

Marubucin shi ne Frederick Davenport, wanda ya koyar a kwalejin Hamilton da ke Clinton, nan kusa da mu. Kwana uku na yi ina karantawa, raina na ɓaci. Ya ɗauko taron Kiristoci na jihar Kentaki wajen 1800, inda mutane ke zubewa ƙasa jikinsu na karkarwa, ya haɗa da rawar 'yan asalin Amurka da ibadar baƙaƙen fata, ya ce duk alamun rashin wayewa ne, shauƙi ne ke yaɗuwa cikin taro ya rinjayi hankali. Da wannan mudun dattijon ya auna zikirinmu.

Ban raina Davenport ba. Ya yi ɗan majalisar dattawan jihar Niyok, ya shugabanci kwamitin haraji a zamanin da jihar ta fara karɓar harajin kuɗin shiga a 1919, daga baya ya tafi majalisar tarayya daga 1925 zuwa 1933. Aiki ne na gaske, kuma ko a gida akwai masu wa'azin da ke cin kasuwa da hawayen mutane.

Amma shi a wurinsa taron addini daban, maganar haraji daban. Mu kuwa yaushe muka raba su? Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da gaisuwar sarakuna cikin zaluncin da ya tashi yaƙa. Malam Aminu Kano, da ake kira ɗan gurguzu, da aya da hadisi ya tsaya wa talaka a kan haraji, har gwamnatocin jam'iyyarsa ta PRP na Kano da Kaduna suka soke shi da jangali a 1979. Mutanen da ke rangaji a da'ira su ne suka jefa waɗannan ƙuri'u, da hankalinsu garau.

Na mayar wa maƙwabcina da littafin jiya. Na so in faɗa masa duk wannan, Turancin ya ƙi fita yadda nake so. Na dawo ɗaki na sake kunna bidiyon. A minti na biyu ana jin muryar baffana, ya tsufa sosai, shekara shida rabona da in zauna kusa da shi bayan la'asar.