Abin da ya kai ni gidan ajiye karnuka a Santambul

Tun ranar da na sanya hoton da aka ɗauke ni ina wanke kwanukan abincin karnuka, saƙonni suke ta shigowa, wasu na raha, wasu na nasiha, wasu kuma na zargin cewa zaman Turkiyya ya sa na ari ɗabi'ar Turawa. Yayana ma ya kira ni ya ce, "Malam, karatu aka tura ka ko kiwon kare?" Ban ji haushin kowa ba, domin a unguwar da na tashi a Zariya ba abin da ke haɗa yaro da kare sai dutse, kuma ni da hannuna na sha jifar kwikwiyon da bai yi mini laifin komai ba. Saboda haka na ga ya dace in yi bayani a tsanake.

Kusan shekara guda ke nan nake zuwa aikin sa kai duk ranar Asabar a wani gidan ajiye dabbobi da ke bayan gari. Aikin ba shi da wani ƙawa. Muna wanke keji da tiyo, mu sauya ruwan sha, mu cire kaska, mu fita da karnukan da suka daɗe a kulle su miƙe ƙafa, wani lokaci kuma in riƙe kare yayin da likitan dabbobi yake wanke masa miki ko yake shafa wa mai ƙazuwa magani. Ina da tufafi da takalman roba da na ware don wannan aiki kawai, ina kuma canza su kafin in yi salla. Waɗanda suka fi ba ni tausayi ba karnukan da aka haifa a titi ba ne, domin su sun san yadda za su yi da rayuwa. Masu ban tausayi su ne waɗanda aka saya suna 'yan kwikwiyo don sha'awa, da suka girma abinci ya yi tsada sai aka kai su bakin daji aka sauke, kuma irinsu ne suke miƙewa su zuba wa ƙofa ido duk lokacin da suka ji ƙarar mota.

Wannan birni ya daɗe yana gwada dabaru a kan karnukansa. A shekarar 1910, a ƙarshen zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, an kwashe dubban karnuka, waɗanda ake yawan cewa sun kai 80,000, aka zuba su a tsibirin Sivriada da ke tekun Marmara, inda ba abinci ba ruwan kirki, yunwa da ƙishirwa suka gama da su. Duk da haka tituna suka sake cika. A 2004 aka kafa doka mai lamba 5199, wadda ta ce a kama kare, a yi masa aikin hana haihuwa, a yi masa allurar rigakafi, a maƙala masa alama a kunne, sannan a mayar da shi unguwar da aka ɗauko shi. Shi ya sa baƙo yake mamakin ganin ƙaton kare kwance a ƙofar shago, mutane suna kewaye shi suna wucewa. Sai a watan Yulin 2024 majalisa ta sauya dokar, bayan koke-koke a kan karnukan da ke far wa yara, ta wajabta wa hukumomin birane su tattara karnukan titi su ajiye har a samu masu ɗauka, ta kuma ba da damar kashe masu haɗari da masu ciwon da ba ya jin magani. Gwamnati ta ƙiyasta cewa karnukan titi a duk faɗin Turkiyya sun kai miliyan 4, alhali gidajen ajiyar da ake da su a lokacin, guda 322, ba sa ɗaukar fiye da kimanin 105,000.

Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai gane abin da muke gani da ido kowace Asabar. Ban raina tsoron uwar da kare ya bi ɗanta a hanyar makaranta ba, tsoro ne na gaskiya. Amma gidan ajiya zango ne kawai, kuma idan masu shigowa sun fi masu fita yawa, sai ya koma kurkuku inda cuta ke yawo daga keji zuwa keji. Kare ba ya fita daga wurin sai wani ya zo ya sa hannu a takarda ya ce ya ɗauki nauyinsa.

A nan ne maganar addini take shigowa, kuma ita ce aka fi yi mini. Ni ba malami ba ne, amma abin da muka karanta a zaure bai ce a wulaƙanta kare ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Hadisi ya hana ajiye kare haka kawai, ya kuma yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gona. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare don gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ga kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka kawo na mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Ban ce kowa ya kwantar da kare a gadonsa ba, ni ma ba zan yi ba. Abin da nake cewa shi ne, mai gona ko garke ko gidan da ke buƙatar gadi, wanda dama zai nemi kare, ya fi masa lada ya ɗauki wanda ba shi da mai shi, ya ciyar da shi, ya yi masa rumfa, ya kai shi asibitin dabbobi.

Wannan kai wa asibiti shi ne abin da ya fi shafar mu a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba a tsira. Abin da muka saba shi ne, idan kare ya ciji yaro, a bi shi da sanduna ko a zuba guba a nama, bayan 'yan watanni wasu karnukan su cike gurbin saboda juji da mahauta suna nan. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar tana daina yaɗuwa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu haɗa allurar. Mafarautanmu da suke cewa ba a kiwon kare ranar farauta su ne ya kamata su fara kai nasu. Wanda kare ya ciza kuma, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen a ƙona.

Ni kaina ban ɗauki kare ba, domin a ɗakin ɗalibai nake zaune, kuma ba zan ɗauki abin da zan bari a baya ranar da na gama karatu ba. Akwai dai wata tsohuwar karya mai ɗingishi da na fi watanni shida ina fita da ita, wadda masu zuwa suke wucewa su zaɓi 'yan kwikwiyo. Makonni biyu da suka wuce wani dattijo mai lambu a bayan gari ya zo da jikarsa, ya tambayi wadda ba ta da yawan haushi amma tana jin motsi da dare, sai na nuna masa ita. Likita ya duba katin rigakafinta, aka yi rajistar sunan dattijon da lambar 'yar na'urar shaidar da ke ƙarƙashin fatarta, na taimaka aka ɗora ta a bayan mota. Kafin in gama wanke kejinta an riga an kawo wasu guda uku.