Hob ɗin Baba da zakaran uwargida

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, babur ɗina ya koma kayan kallo a zaure. In na tashi daga Mabera zuwa wurin aiki na dawo, sai in tarar abin da na zuba wa tanki ya fi abin da na bari na cefane. 'Yan kabu-kabu su ma suka ninka kuɗi, ba ka isa ka ce uffan ba. Ana nan wata Asabar ina neman tsohuwar tabarma a ɗakin shirgi, na yi tuntuɓe da keken marigayi Baba, Allah ya jiƙansa. Rali ne baƙi mai birkin ƙarfe, tambarin zalɓen nan na goshinsa bai ko goge ba. Da kuɗin Udoji ya saye shi a 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi ariyas kowa ya kwaso rediyo da agogo da keke.

Na sa masa sabon taya, na ba shi iska, na haye. Kafin in kai bakin titi na jiƙe sharkaf. Feda ta yi nauyi kamar ina jan turmi a rairayi, ga wata ƙara tik-tik-tik daga baya ba ƙaƙƙautawa. Na sauka na leƙa cibiyar tayar baya, wadda masu gyara ke kira hob, na gan ta baƙi ƙirin, ƙatuwa, tsohon mai da ƙura sun daskare mata kamar ƙanzon tuwo. Nan take na yanke hukunci: hob ya mutu.

Da na kai wa mai gyara a ranar, da labarin ya ƙare a nan. Maimakon haka na sayi data. Dare uku ina manne da waya, har uwargida ta fara leƙowa ta bayana tana son ta ga wace ce. Da ta ga hoton ƙarafa ne sai ta ce, "Malam, da dai mace ce da na san inda zan kai ƙara." Ni kuwa ilimi na ta shiga. Na san cewa a Notingam ta Ingila aka riƙa ƙera Rali a da. Na san cewa sarkin hob na tsofaffin kekunan Ingila shi ne Sturmey-Archer, mai giya uku a cikinsa, wanda aka fara yi tun 1902, kuma samfurinsa da ake kira AW ya fito a 1936. Abin da ya fi burge ni, suna buga shekara da watan ƙira a jikin hob ɗin, ga kuma 'yar kafa mai murfi da ake ɗiga mai. Safiya ta huɗu na tashi ina jin duk Sakkwato, daga Ƙofar Rini zuwa Arkilla, babu na biyuna a sanin hob.

Na ɗauko filaya na datse wayoyin tayar baya ɗaya bayan ɗaya, na zare baƙin hob ɗin na jefa a leda. Ban goge shi ba. Wa zai ɓata tsumma a kan gawa?

A Tsohuwar Kasuwa aka nuna mini rumfar wani mai sayar da tsofaffin kayan keke, mutum siriri mai goro a kunci. Na yi sallama, na gyara tsayuwa.

"Mi kaka so, Alhaji?" in ji shi. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Na ce hob nake nema, amma ba kowane tarkace ba. Sai na buɗe masa karatu. Na gaya masa sunan Sturmey-Archer, har na rubuta masa a bayan kwalin ashana. Na nuna masa da yatsa inda ake duba shekara. Na ce masa a Ingila da Amurka akwai masu neman irinsa ido rufe, kuma duk wanda ya samu na shekarun 1970 mai lafiya, ya tsinci dami a kala. Ya daina tauna goro yana saurare, har maƙwabcinsa mai sayar da kaca ya matso. Ban taɓa samun ɗalibai masu ladabi irinsu ba.

"Wanga dai babu shi," ya ce daga ƙarshe, "amma ga wani awa shi."

Ya zaro wata taya daga rataye. Hob ɗinta na walƙiya, har ina ganin hulata a ciki. Na ɗaga ta na wulwula, ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, har mai kaca ya je ya sha ruwa ya dawo ba ta tsaya ba. Na kaɗa kai irin na masana, na ce ai wannan shi ne gwajin. Muka daidaita a kan zai kwance mini hob ɗin in ba shi dubu shida, in kuma bar masa baƙin da ke cikin leda. Har ya ɗan yi jan aji, wai nauyi kawai zai ƙara masa a rumfa. Ni na roƙe shi ya karɓa.

Daga nan na wuce wurin wani dattijo mai gyaran keke da ke zama gindin dogonyaro a unguwarmu, wanda tun ina firamare yake yi wa Baba faci. Na ajiye masa rim da sabon hob, na ce a ɗaure mini. Bai ce komai ba. Ya sa tabarau, ya bi ramukan rim ɗin da ɗan yatsa yana motsa leɓe kamar mai jan carbi, sannan ya bi na hob ɗin.

"Ɗiyana, ka iya ƙidaya?"

Na ce, "Baba, ai lissafi nake koyarwa."

"To ƙidaya."

Rim rami 40. Hob rami 36. Tsofaffin kekunan Ingila waya 32 suke ɗauka a gaba, 40 a baya, saboda baya ke ɗaukar nauyin mutum da buhu. Sauran kekuna da yawa 36 ne gaba da baya. Na karanta wannan a dare na biyu, har na yi masa alama. Wayoyi 40 na datse da hannuna, ban ƙirga ko ɗaya ba.

Ya ce in zauna, abin bai ƙare ba. Ya riƙe hob ɗin da hagu, ya kama bakin aksil, wato sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyarsa, da yatsu biyu na dama yana murzawa a hankali, idonsa a rufe. Sannan ya miƙo mini. Da na murza sai na ji gurus-gurus, kamar mai tauna shinkafar da ba a tsince ba. Ya ce in girgiza shi gefe da gefe. Ƙwas-ƙwas. Na ce amma Baba, na ga yadda tayar nan ke juyawa a kasuwa. Ya yi dariya har tabarau ya zamo. Ashe taya mai nauyi, in aka sassauta mata kon, wato ƙarfen da ke matse 'ya'yan boris a jikin aksil, kuma cikinta ya bushe babu giris, ita ta fi kowace daɗewa tana juyawa a hannu, nauyin rim ne ke rufe mata asiri. Yatsu kawai ba ta iya yi wa ƙarya. Mai kyau, in ji shi, in ka murza aksil sai ka ji awa kana juya cokali cikin man shanu, da ɗan riƙo kaɗan, babu tsakuwa, babu rawa.

Ya kwance shi, ya zazzage 'ya'yan boris a tafin hannu, wasu sun yi tsatsa, ɗaya ma a fashe. Ya karɓi birona ya bi hanyar da suke gudu a jikin kon, wannan siririn layin da ya kamata ya zama sumul. Bakin biro ya riƙa faɗawa rami yana tsalle, kamar mota a hanyar ƙauye bayan damina. Ya ce kon ba komai ba ne, ana canja shi, 'ya'yan boris ma araha gare su. Sai ya haska cikin kwarin hob ɗin da fitilar wayata, inda boris ke kwanciya. Nan ma duk zanzana. "In nan ya ci, sai dai a ba yara su yi mota da shi." Ya mirgina aksil ɗin a kan bencinsa, ya tafi yana ɗingishi. A lanƙwashe yake. Walƙiyar kuwa wanki ne da toka da soson ƙarfe.

Can ya ɗago. "Ina hob ɗin babanka? Mai giya ukun nan?"

Na ji wani abu ya tsarga mini daga ƙeya zuwa dunduniya. Na ce wane mai giya uku? Ya ce shi da hannunsa ya yi shekaru yana ɗiga masa mai. Wayar giyar ce ta tsinke tun zamanin Shagari, Baba bai sake sa wata ba. Irin wannan hob in babu waya, a giya ta uku yake zama, mafi nauyi, wadda ta ɗara ta tsakiya da kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa na ji kamar ina jan turmi. Tik-tik ɗin kuwa kukan lafiyarsa ne, in ya yi shiru ma sai a fara damuwa. Ƙibar da na ɗauka ta datti ce, giya ce a ciki.

Kabu-kabun da nake gudu shi na hau, ban ko yi ciniki ba.

Na tarar da shi a gaban rumfa, bisa farin ƙyalle, an wanke shi da kananzir yana sheƙi. Ga suna ɓaro-ɓaro, Sturmey-Archer, ga AW, ga 74 da 10 a ƙasa, watan Oktoban 1974 ke nan. Ga 'yar kafar mai da murfinta. Kwalin ashanar da na yi rubutu a kai yana jingine kusa da shi kamar takardar shaida.

Na daure na ce na zo karɓar tsohon ƙarfen nan da na manta.

"Wanga? Alhaji, wanga ɗan Ingila na. Duba shekara nan. Ga wurin mai. Turawa na biɗar shi ido ruhe."

Na ce ai ni na gaya maka!

"Kai kah hwaɗi, kuma gaskiya kah hwaɗi. Dubu talatin."

Mai kaca ya matso ya ba da shaida cewa wani babban masani ne ya tabbatar musu da safe. Na yi rantsuwa, na ambaci maraici, na kawo zumuncin Musulunci. Da ƙyar muka tsaya a dubu ashirin da biyu. Na ce to ya karɓi mai walƙiyarsa ya rage mini. Ya kama aksil ɗin da yatsu biyu, ya rufe ido, ya murza, daidai yadda Baba mai gyara ya yi. "Wanga ya ci, Alhaji. Ba ni sayen shi." Ashe ya san gwajin tun fil azal.

Sabbin wayoyi 40, wayar giya da 'yar sarƙarta, da ladan ɗauri, suka cinye abin da ya rage na albashi. Don in rage asara na ce hob ɗin gaba ni zan wanke shi da kaina a gida. Baba mai gyara ya gargaɗe ni abu biyu: 'ya'yan boris goma ne kowane gefe, kuma kon ɗin da ake ɗaurewa ya kasance a hagu in zan mayar da tayar, don in aka juya ta Rali yakan matse kansa da kansa a kan hanya. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ari farantin uwargida na zuba su. Na wanke, na ƙirga. Goma sha tara. Na sake ƙirgawa. Goma sha tara. Na ɗaga kai, sai ga jan zakaranta tsaye a bakin tabarma, ya karkata kai yana kallona da ido ɗaya, maƙogwaronsa na motsi.

Ta ce zakaran na Sallah ne. Na ce boris ɗin na Ingila ne. Ta ce a kasuwa nawa ake sayar da irinsa? Na san amsar, ba ta kai kuɗin ƙosai ba, amma zuciya ta riga ta hau, kuma a ranar ina bukatar in ci nasara a kan wani, ko da zakara ne. Ta sa masa kuɗi dubu takwas, bashi zuwa ƙarshen wata. Aka yanka. Na tsaga ƙundu da kaina a gaban yara: tsakuwa, gero, da guntun maɓalli.

Da na tashi alwalar la'asar na cire hula zan yi shafa, wani abu ya faɗo cikin buta, ƙwal. Ya manne ne da giris a yatsana lokacin da na sosa kai ina ƙirga. Uwargida tana bakin murhu tana juya miya, ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Malam, cinya za a sa maka ko ƙirji? Ai kai ka saya."