Ranar da Na Ɓatar da Jikin Kawu

Tun da na sayi wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka na sa mata OBS, manhajar watsa bidiyo kai tsaye, 'yan gidanmu na Mabera suka naɗa ni injiniyan talabijin. Da aka sa ranar walimar saukar ƙanwata ba a ma nemi shawarata ba. Kawu ya aiko cewa dangi na Yamai da Makka za su kalla kai tsaye ta Facebook, kuma sunansa ya fito a ƙasan allo kamar yadda ake yi wa gwamna.

Kwana uku ina haɗa tambarin nan. Rubutun ruwan zinare, ya shigo daga dama yana sheƙi, ya ɗan tsaya, ya fice. Na fitar da shi a MP4, na kwanta ina jin ba kamata a Sakkwato.

Ashe kowane ɗigon hoto launi uku gare shi: ja, kore, shuɗi. Kafin tambari ya hau kan bidiyo a riƙa hango mutum ta bayansa, sai da abu na huɗu da ake ce wa alfa, mai gaya wa kwamfuta nan a nuna, nan kuma a bar shi kamar gilashi. MP4 ɗin da muka saba ba ya ɗaukar alfa. Duk inda ya kamata ya zama sarari, baƙi yake cikawa. Wannan karatun a gaban jama'a na yi shi.

Ranar walima rana ta take, janareta na ta kuka a bayan rumfa. Kawu ya miƙe cikin sabuwar babbar riga ta shadda, koriya shar, ya karɓi makirufo. Na gyara zama, na danna.

Allo ya yi baƙi ƙirin. Murya na fita, suna na sheƙi, babu mai sunan. Nan take Inna ta kira daga Yamai: "Kai, wuta anka ɗauke muku?"

Na yi maza na sauke tambarin, Kawu ya dawo. Da na haƙura a nan da an rabu lafiya. Amma sai na tuna akwai wata matata mai cire launin bayan hoto, irin wadda masu hasashen yanayi ke tsayawa gaban koren bango a sauya musu shi da taswira. Hannu na rawa na ɗora ta. Kuskure biyu na tafka a danni ɗaya: matatar kore take ci in ba ka sauya mata ba, ni kuwa baƙi ne matsalata, sannan a kan kyamara na ɗora ta, ba a kan tambari ba.

Jama'a, rigar Kawu ta tafi. Bishiyar dogon yaron da ke bayansa ma ta bi ta. Sai kai da hula, da farin aikin wuyan riga a rataye cikin duhu, da hannu biyu suna yawo, ɗaya riƙe da makirufo. Daidai lokacin kuma ya iso inda yake nasiha cewa ɗan Adam ba komai ba ne.

Inna ta sake kira, wannan karon da salati: "Mi yas sami Alhaji? Ina sauran jikinai?"

Na fi minti uku ina laluben inda na yi ɓarna, gumi na ɗiga a kan madannai. Kafin in cire matatar, ƙanena ya ɗauki hoton allon ya watsa a zauren dangi na WhatsApp.

Yanzu tambari marar motsi PNG nake yi masa, don JPEG ma ba ya riƙe alfa. Mai motsi kuwa sai nau'in bidiyon da ke riƙe alfa: WebM, ko MOV na ProRes 4444 in ina da wurin ajiye nauyinsa. Kuma sai na gwada a kan fuskata tun daren jajibiri, domin an taɓa turo min wani tambari da ƙananan murabba'ai fari da toka a baya, irin waɗanda manhajojin hoto ke nuna sarari da su, na ɗauka sarari ne, ashe zana su aka yi.

Sati biyu Kawu bai amsa gaisuwata da kyau ba. Da bikin ɗansa ya matso sai ya kira ni zaure, ya rage murya: "Kai injiniya, wace kala zan sa wadda injin naka ba ya ci?"

Na ce, "Fara, Kawu."

Ban gaya masa akwai wata matatar mai cin fari ba.